Daren da firinta ta ƙi fitar min da rahoto

Shafi 86 ne rahoton, kuma da safe ƙarfe 9 ake buƙatarsa a wajen taro. Ni aka ɗora wa haɗa shi, mutum huɗu ne suka rubuta, kowa ya turo nasa ɓangaren ni kuma na yi ta kwafowa ina liƙawa a fayil ɗaya a Word har na gama wajen ƙarfe 8 na dare, na duba a allo komai tsaf, na ce alhamdulillahi saura bugawa kawai in je in kwanta. Na danna Ctrl da P, na danna Print, na miƙe na je na tsaya a gaban firinta ina jira.

Shiru.

Na koma na sake dannawa, nan ma shiru. To a nan na yi kuskuren da nake ganin kusan kowa na yi, na ci gaba da danna Print ina tunanin ko bai shiga ba ne, sai da na danna sau bakwai. Ashe duk sun shiga, suna can sun yi layi ɗaya bayan ɗaya. Da na buɗe layin jiran bugawa na gan su su bakwai cif, na farko an rubuta Error a gabansa, sauran shida na bayansa suna jira, na ce a soke na farkon sai ya koma Deleting ya tsaya a haka, minti goma yana nan, bai gogu ba bai kuma bar na baya sun wuce ba. Na kashe firinta na kunna, na zare waya na mayar, na rufe Word na buɗe, har na fara neman yadda ake cire Office gaba ɗaya a sake sakawa, don a lokacin zuciyata ta gama yanke cewa Word ne ya lalace.

Allah Ya taimake ni na kira ƙanena kafin in yi hakan, shi gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Ina fara zuba masa bayani ya katse ni.

"Yaya, tsaya tukuna, kar ki sake danna komai. Je ki gaban firintar ki karanta min abin da ke rubuce a ɗan allonta."

Wallahi duk tsayuwar da na yi a gabanta ban kalli allon nan ba, tiren da takarda ke fitowa kawai nake kallo. Na karanta masa, tana cewa a sa mata takarda Letter. Na ce masa ga takarda nan cike a tire, sabon ƙunshi na buɗe ɗazu.

"A4 kika sa ai, Yaya. Ita kuma an gaya mata Letter za ta buga, shi ya sa ta tsaya tana jiranki. Za mu dawo kan wannan, mu fara share layin."

Yadda muka share layin, don na san mutane da yawa na maƙalewa a nan: akwai wani ɓangare a Windows da ake kira Print Spooler, shi ne mai karɓar duk aikin da aka tura ya ajiye shi a wata folda sannan ya riƙa miƙa wa firinta ɗaya bayan ɗaya, idan aiki ɗaya ya shaƙe masa to duk na baya sun tsaya. Ya sa na danna maɓallin Windows da R, na rubuta services.msc, na nemo Print Spooler a jerin na danna Stop. Daga nan na shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, na tarar da fayiloli masu ƙarewa da SHD da SPL, bibbiyu ga kowane aiki, ya ce in goge abin da ke cikin foldar kaɗai, ita foldar in bar ta. Na kashe firinta ita ma don ta manta wanda ta riga ta karɓa, na koma na danna Start, na kunna ta. Layi ya zama fes. Duka bai kai minti uku ba, abin da na shafe kusan awa ina fama da shi.

Ina shirin komawa in danna Print a rahoton ya sake tsayar da ni, kuma abin da ya faɗa a nan shi ne ya fi min amfani a duk daren. Ya ce tsakanin yatsana da takarda abu huɗu ne, akwai fayil ɗin, akwai Word, akwai Windows da direban firinta, sannan ita firintar kanta, kuma ko wanne a cikinsu ya samu matsala abin da zan gani iri ɗaya ne, takarda ba ta fito daidai ba. Don haka kafin a taɓa komai sai an gano mai laifin, kuma daga wajen firinta ake farowa a taho baya baya. Direba dai, ga wanda bai sani ba, wata ƴar manhaja ce da ke fassara abin da kwamfuta ta turo zuwa yaren da firintar ke ji.

Muka fara. Na shiga Printer properties na danna Print Test Page, takarda ta fito tas da tambarin Windows, kenan firinta lafiya, waya lafiya, direba ma yana magana da ita. Na buɗe Notepad na rubuta layi biyu na buga, ya fito. Na buɗe sabon fayil a Word, ya ce in rubuta =rand() in danna Enter, sai ga sakin layi sun cika da kansu, na buga, ya fito lafiya lau. To kun ga takarda uku kacal sun wanke firinta sun wanke Windows sun wanke Word, saura rahotona shi kaɗai a tsaye. Na yi ta tunanin da na cire Office ɗin nan da na ɓata awa biyu ko fi, in dawo in tarar da matsalar tana nan inda na bar ta, domin a cikin fayil ɗin take zaune.

Maganar girman takarda kuwa ban taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba sai ranar. A4 faɗinta milimita 210 ne tsawonta 297, Letter kuma wadda aka fi amfani da ita a Amurka da Kanada inci 8.5 ce da inci 11, wato kusan milimita 216 da 279, ta fi A4 faɗi da kamar milimita 6 amma ta gaza ta tsawo da kusan 18. A ido kamar ba komai ba, a allo ma ba ka ganewa sam. Na shiga Layout na danna Size ina kan shafin farko na ga A4, na ce wa ƙanena ka gani ai A4 ne. Ya ce in gangara tsakiyar rahoton in danna a can in sake dubawa. Letter. Ashe a Word girman takarda ba na fayil ɗin gaba ɗaya ba ne, kowane sashe da nasa, kuma lokacin da nake kwafo rubutun mutane na kwafo har da alamar raba sashe da ke ƙarshen nasu, ita kuwa alamar nan ita ke ɗauke da girman takarda da faɗin gefe da kwanciyar shafi na sashen da ke samanta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka turo min, kwamfutarsa a kan setin Amurka take, sai sassansa biyu suka shigo min da Letter ɗinsu ban sani ba.

Sashe shida ne a rahoton. Na danna dama a kan layin nan na can ƙasan Word na sa tik a Section don ya riƙa nuna min sashen da nake ciki, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da farko na so in yi gajeren hanya, na zaɓi A4 na ce Whole document, sai kawai sashen da ke da manyan jadawali wanda na kwantar da shafukansa a kwance ya miƙe tsaye, jadawalin ya fita waje rabi ba a gani, da sauri na danna Ctrl da Z na koma na yi su sashe sashe da This section. Akwai kuma wani wuri a File, Options, Advanced, ƙarƙashin Print, inda ake sa tik don Word ya daidaita tsakanin A4 da Letter da kansa wajen bugawa, na tarar nawa ba tik. Na sa, amma gaskiya ni na fi son in gyara takardar tun daga tushe, don in na tura wa wani fayil ɗin setin kwamfutata ba zai bi shi ba.

Da na canza girman sai shafuka suka motsa, abin da ke shafi 40 ya koma 39, don haka na je kan jerin abubuwan da ke ciki na danna F9 ya sabunta lambobin. Wannan in ka manta shi sai an raba rahoto a ga lamba ba ta dace da shafi ba.

Na buga shafi goma na farko don gwaji, ban ƙara yarda in tura 86 a lokaci ɗaya ba. Suka fito, amma rubutun ya ƙanƙance ya matsu gefen hagu, gefen dama kuma an bar wani fili mai toka toka da ƴan akwatuna. Wannan ni na gane shi da kaina, gyare gyaren da aka yi da Track Changes ne, wato setin da ke nuna duk abin da wani ya canza a rubutu, da sharhin da mutane suka bari, Word yana matse shafin don ya samar musu wuri. A shafin Print in ka danna inda aka rubuta Print All Pages za ka ga Print Markup a ƙasa, ka cire tik ɗin shi ke nan. Sai dai abin ya tsorata ni ta wani ɓangaren, don a cikin sharhin akwai inda wani ya rubuta wa wani cewa lissafinsa bai yi ba, maganar tsakaninsu ce, da ta fita a takarda gaban taro da an ji kunya ba kaɗan ba. Ɓoye su a allo ba ya goge su, suna nan a fayil, sai na ajiye kofi ɗaya da su don tarihi, a ɗayan kuma na karɓi duk gyaran na goge sharhin gaba ɗaya.

Sai fararen shafuka, guda uku, babu komai a kansu. Na danna Ctrl da Shift da 8 alamomin da ke ɓoye suka bayyana, ɗaya na gan shi nan take, jadawali ne ya cika shafi har ƙasa, Word kuma dole ya ajiye sakin layi ɗaya bayan kowane jadawali kuma ba ya goguwa, shi ne ya tsallaka sabon shafi shi kaɗai, na mai da girman harafinsa 1 ya koma ya lafe a ƙarƙashin jadawalin. Sauran biyun ne suka wahalar da ni don ina gangarawa a allo ba na ganinsu ko kaɗan, sai a samfurin da Word ke nunawa kafin a buga suke fitowa. Ƙanena ya ce in karanta abin da ke rubuce a kan layin raba sashen, na ga Odd Page. Ma'ana an umarci sashen ya fara a shafi mai lambar mara, to in na gabansa ya ƙare a shafi 21 sai Word ya saka farin shafi a matsayin 22 don sabon ya fara a 23. A littafi da ake bugawa gaba da baya wannan daidai ne, haka ake so babi ya fara a hannun dama, amma ni fuska ɗaya nake bugawa. Na shiga Page Setup na mai da Section start zuwa New page suka ɓace.

Wajen ƙarfe 11 na ɗauka an gama, na ce wa ƙanena ya je ya kwanta na gode, na buga sashen farko na zauna ina karantawa a takarda. Ina zuwa kan babi na biyu gabana ya faɗi. Inda ya kamata a ga Ƙididdigar ɗalibai sai ga ɗan akwati fanko a wurin Ƙ, wani akwatin a wurin ɗ. Na duba sauran kanun, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take akwati ne, amma a cikin jikin rubutun suna nan lafiya. Na kalli allo, a allo ga su nan rangaɗau. Wannan ya fi duk sauran ci min rai, saboda rahoton Hausa ne, kuma ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne, ɗaki da daki ba abu ɗaya ba ne, ba zan iya miƙa wa mutane takarda da ramuka a tsakiyar kalmomi ba, kuma ba zan yarda in cire lanƙwasar in rubuta k da d kawai don na'ura ta huta ba.

Na sake kiransa, na ce ka yi haƙuri na tashe ka. Ya ce bai yi barci ba, in ƙara girman allon sosai in kalli kan babin da kyau. Da na kai shi 300 sai na ga abin da ban lura da shi ba, Ƙ ɗin ta fi sauran haruffan siranta, kamar baƙuwa a cikinsu. Ya ce to salon haruffan da aka zaɓa wa kanun, wato font ɗin, ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai Word ya aro su daga wani salon ya cike gurbin shi ya sa nake ganinsu a allo. Wajen bugawa kuma akwai direbobin da ba sa tura haruffan kwamfuta, sai su ce wa firinta ta yi amfani da nata na cikinta masu kama da su don aiki ya yi sauri, nata kuwa ba su san ƙ ba. Don mu tabbatar ya sa na ajiye shafin a PDF na buɗe, haruffa suna nan, na buga PDF ɗin, suka fito. Kenan a wannan karon laifin rabi na fayil ne rabi na setin direba, kuma gwajin PDF ɗin nan shi ya raba gardama cikin minti ɗaya.

Gyara biyu muka yi. A Printing preferences, Advanced, akwai layin TrueType Font, yana kan Substitute with Device Font na mai da shi Download as Softfont, ba kowane direba ke da wannan layin da wannan sunan ba amma nawa yana da shi. Sannan na canza salon kanun gaba ɗaya, ban bi su ɗaya ɗaya ba, na gyara Heading 1 da Heading 2 a Styles duk suka canza tare. Times New Roman da Arial na Windows ɗin yanzu suna da haruffanmu, akwai kuma Charis SIL wanda kyauta ne kuma an yi shi ne musamman don harsuna masu irin waɗannan haruffa, tun daga ranar shi nake sa wa duk aikin Hausa da zai je takarda. In kuma fayil ɗin zai je wata kwamfutar a buga, ko dai in mai da shi PDF ko in shiga Options, Save, in sa tik a Embed fonts in the file don ya tafi da haruffansa.

Bari in ɗan tsallaka gaba kaɗan, don wata biyu bayan haka na ci karo da irin wadda laifin ba na fayil ba ne, kuma tsarin nan na ƙanena shi ya fitar da ni ba tare da na kira shi ba. Ina danna Ctrl da P sai Word ya daskare kusan minti ɗaya, kowane fayil, sabo ko tsoho. Na riƙe Ctrl na buɗe Word ya tambaye ni ko ina son Safe Mode, wato ya buɗe tsurarsa ba tare da ƙare-ƙaren da aka sa masa ba, na ce e, don in a nan ya yi aiki to wani ƙarin da aka liƙa masa ne ke hana shi, ko kuma Normal.dotm wato fayil ɗin da yake ɗauko setinsa na asali daga ciki, wanda in ka canza masa suna Word zai ƙirƙiri sabo da kansa. A Safe Mode ɗin ma ya daskare. Sai na duba firintar da Windows ya ɗauka a matsayin ta farko, ashe ta wurin aiki ce wadda ke kan netwok, ni kuma ina gida, Word yana ta ƙoƙarin tambayarta girman takardarta ita kuwa ba ta kusa. Na cire tik a Let Windows manage my default printer, na mai da Microsoft Print to PDF ta farko, daskarewa ta tafi.

Mu koma daren. Saura abu ɗaya ya rage, shafuka huɗu a sashe na huɗu da na gyara wa kanu ina so in sake buga su kaɗai. Na rubuta 3-6 a akwatin Pages sai ta fito min da shafukan gabatarwa, saboda lambobin rahoton suna sake farawa daga 1 a wasu sassan, akwai shafi 3 fiye da ɗaya. Yadda ake gaya wa Word shi ne p3s4-p6s4, p shafi s sashe, wato daga shafi 3 na sashe 4 zuwa shafi 6 na sashe 4. Na rubuta haka suka fito su huɗu daidai.

Daga ƙarshe na mai da rahoton duka PDF, na bi shi shafi shafi a allo ina duba kanu da gefen jadawali da lambobi, ya koma shafi 82 bayan fararen sun fita kuma tsawon A4 ya haɗiye ɗaya. Ƙarfe 12 da rabi na tura kofin farko, na tsaya a gaban firintar, wannan karon idona na kan ɗan allonta. Ta ja takarda ta fara. Da shafin babi na biyu ya fito na ɗauke shi tun da ɗuminsa na kai kusa da fitila, Ƙ tana nan da lanƙwasarta, ɗ ma tana nan, na ajiye shi a kan sauran na tura wa ƙanena hotonsa sannan na koma na tura kofi na biyu.